Gyaɗar Tirmini

Ranar da 'yata ta fari za ta iso daga Faransa da ɗanta, tun hantsi bai yi ba na sa aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa, duk da wahalar ruwan Damagaram. Na dama fura, na soya kaza, sannan na buɗe akwati na fito da zanen goyo da majanyi sababbi fil, waɗanda na saya tun ranar da aka bugo mini waya aka ce ta haihu. Ina da jikoki a nan unguwar Birni, 'ya'yan ƙannenta, duk a bayana suka yi wayo. Wannan kaɗai ne ban taɓa jin nauyinsa ba. A wayar salula nake ganinsa, ya fara dariya, hoton ya tsaya cak, ko kuran, wato lantarki, ya ɗauke, shi ke nan. Na ce yau dai zan ji ɗuminsa.

Autana ne ya ɗauko su daga Yamai a motar da yake tuƙi. Kafin a gama sauke kaya gida ya cika da matan unguwa. Ta shigo da sallama, ta rame, idanu sun faɗa, yaron kuwa tubarkalla, ƙato, yana rataye a ƙirjinta cikin wata jaka mai igiyoyi. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na amsa ina kallon gefe yadda na saba, na miƙa wa yaron hannu biyu. Ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya tsala ihun da sai da kajin gidan suka watse. Maƙwabciyata ta miƙa nata hannun, ya ƙara. Matar ɗana ta gwada, ya ƙanƙame wuyan uwarsa har ɗan kunnenta ya faɗi. Mata suka yi ta dariya suna cewa ai ɗan Nasara aka kawo mana, sai an nemo masa tafinta. Ni ban yi dariya ba. Na ninke zanen goyona na mayar ɗaki.

Sai na faɗi yadda muke da ita, don 'yan yanzu ba duka suka san abin ba. A wurinmu mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ce za ta fara tashi ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tashi muka tarar. Ni mutuniyar ƙauyen Tirmini ce, aure ya kawo ni Birni gidan baduku. Da cikin fari ya tsufa aka mayar da ni gida, na haihu a ɗakin uwata. Da lokacin yaye ya yi aka kai yarinyar wurin uwar tawa, ta zauna can har ta isa shiga lakwal, makarantar boko. Shi ya sa uwata take kira Inna, ni kuma take ce mini Yaya, har yau da take da ɗa a hannu. Ni kuwa in zan yi maganarta sai in ce 'yar Tirmini. Sunanta na yanka bai taɓa fita daga bakina ba, kuma ban taɓa jin na rage ta da komai ba.

To, yaron nan ƙiwa gare shi irin wadda ban taɓa gani ba. Mu a nan kafin jariri ya yi arba'in ya zaga hannuwan unguwa. Uwa na daka, yana bayan yayarsa. Uwa ta shiga wanka, yana cinyar maƙwabciya. Ya yi kuka, wanda ke kusa shi ke jijjiga shi, ba a tsayawa tambayar ɗan waye. In aka ga yaro ya kai rarrafe ba ya yarda da kowa sai uwarsa, ana ganin an yi sake a renonsa. Na faɗa wa matar ɗana haka, da muryar da na san 'yar Tirmini za ta jiyo daga ɗaki. Ita ma sai ta ba ni amsa ta bakin matar ɗan nawa. Ta ce aikinta ke nan a can kafin ta haihu, a gidan da ake ajiye jarirai iyaye su tafi aikin biro, kuma sai da aka karantar da ita kafin a ba ta aikin. Wai yaron da ya yi kuka in uwarsa ta fita, ya yi shiru in ta dawo, shi ne mai kwanciyar hankali, ya san wadda ya dogara da ita. Wanda kowa ya ɗauka ya tafi da shi ko waiwaye ba ya yi, shi suke sa wa ido. Na ce to, ashe duk 'ya'yan Damagaram marasa lafiya ne ba mu sani ba. Ta kuma kafa doka, kada wanda ya karɓe shi sai in shi ya miƙo hannu da kansa.

Doka a gidana! Na haɗiye. Amma abin da ya fi ci mini rai ba dokar ba ce, ita kanta ce. Da hannu ɗaya take cin abinci. Salla take yi yana riƙe da zanenta. In za ta shiga ɗaki ta ɗauko abu, sai ta durƙusa ta dubi tsabar idonsa ta yi masa bayani, da Faransanci da Hausa, cewa za ta je ta dawo, sai ka ce neman izini take wurin maigida. Yini guda fuskarta na cikin fuskarsa, tana masa magana, tana jiran amsa. Ni duk 'ya'yana a baya na rene su, ƙeyata suka fi sani, kuma ga su nan da bakinsu rau. Na tambayi matar ɗana yadda zamansu yake a can, ta ce daga ita sai mijinta a wani ɗaki can saman bene, miji ya fita da safe sai yamma, maƙwabta ko sunanta ba su sani ba. Na ce dole mana, yaron da fuska ɗaya ya buɗe ido ya gani.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. A unguwar nan na ga matan da suka kwanta ciwo, na ga waɗanda ba su tashi ba. Jaririn yakan koma bayan gwaggo ko kaka, ya yi kukansa na 'yan kwanaki, ya ci gaba da rayuwa, don bayan da aka ɗora shi a kai ya riga ya san shi. Wannan fa, in uwarsa ta yi zazzaɓin kwana biyu a ƙasar da ba ta da kowa, wa zai karɓa? Ga ta nan ta zama ƙashi da rai saboda shi. Na ƙudurta a raina cewa kafin hutunsu ya ƙare sai yaron nan ya hau bayana, ko ana so ko ba a so.

Wata safiya ta lallaɓa shi ya yi barci, ta saci jiki ta shiga wanka. Bai jima ba ya motsa. Kafin ya gama buɗe ido na sure shi, na cilla a baya, na ɗaure zane, na ja majanyi. Haka na yi wa duk jikokina, in aka ɗan jijjiga su aka zagaya tsakar gida sai su yi laƙwas. Wannan kuwa ya sandare, ya bankare, ya yi kukan da har numfashinsa ya ɗauke. Ta fito da ɗaurin ƙirji, sabulu a kunne, ta kwance majanyin da hannunta ba tare da ta ce mini in sunkuya ba. Yana jin jikinta ya fara ajiyar zuciya.

"Yaya, na ce kada a ɗauke shi."

Ban dube ta ba. Na ce da bango kuka bai taɓa kashe yaro ba, duk 'ya'yan da aka rena a gidan nan sun yi sun gama. Na ƙara da cewa akwai ma wadda aka kai Tirmini yaye ko ƙwalla ba ta yi ba, har yau ana ba da labarin haƙurinta. Yabo ne na yi, iyakar yabon da bakina zai iya yi mata. Da na ɗago na ga idonta cikin nawa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Na sani. Inna ta sha ba ni labarin. Kin san abin da ya sa ban yi kuka ba? Ban san an raba ni da kowa ba. Mai uwa shi ke kuka, Yaya."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce za ta yi wa auta magana ya mayar da su Yamai wurin ƙanwar mijinta, su ƙarasa hutun a can, kuma ba za ta sake ɗauko yaro daga uwa duniya ta kawo shi inda za a riƙa razana shi ba. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, na kuma ji haushi. Ni za a ce ba uwa ba ce? Na nufi murhu, don sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma in raina ya ɓaci aiki nake kamawa. Ran nan na ƙona gyaɗa kasko guda, abin da rabona da yi tun ina koyo. Ina tsince baƙaƙen ina magana da kaina. Na ce wallahi yarinyar nan ba za ta bar gidan nan da wannan magana a cikinta ba, ta kai ta ƙasar wasu ta yi ta kiwo har in mutu. Na aika aka kira mini autana, na ce masa motarsa ta lalace. Ya ce lafiyarta lau, jiya ma ya sa mata mai. Na ce na ce ta lalace. Ya dube ni, ya sosa ƙeya, ya ce ai kuwa dama yana jin wata 'yar ƙara a gaba.

Na samu 'yan kwanaki ke nan, sai na koma dabara. Na sayo alawa, na sayo caki, mijina, babansu, ya ɗinka wa yaron 'yan takalma na jar fata. In na ajiye abu a ƙasa na ja da baya, ya rarrafo ya ɗauka. In yana hannuna kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Abin haushi, sai ga shi ya fara zuwa wurin auta, yana ja masa gemu. Bayan kwana biyu ya yarda da matar ɗana. Babu abin da ya kai wannan ciwo a wurina, a ce ƙaton banza da bai taɓa wanke kashin jariri ba ya riga ni.

Na daina miƙa hannu, na zauna ina kallo, kamar yadda nake kallon mai a kasko in ga lokacin da zai taso. Sai na lura da abu guda. Duk wanda ya nufo shi, ba mutumin yake fara dubawa ba, fuskar uwarsa yake dubawa. In auta ne, tana dariya tana tsokanarsa, sai yaron ya saki jiki. In ni ce na gifta, fuskarta takan rufe, kafaɗunta su ɗaga, shi kuma ya ruga ya ɓoye kai a cinyarta. Na sa matar ɗana ta tambaye ta ko haka ne, kamar ita ce ta lura. Ta dawo ta ce mini haka ne, wai duk jarirai suna yi, namu ma suna yi, sai dai namu fuskoki da yawa suke dubawa, shi kuwa ɗaya gare shi. Ashe duk alawar da nake saye asara ce. Yaron ba zai zo wurina ba sai ranar da fuskar uwarsa ta saki a gabana.

Nan fa ake yinta. Ta yaya mace za ta zaunar da 'yar farinta ta ce mata ga abin da ke cikina? Ko a mafarki ban taɓa ganin an yi ba. Inna da za ta yi mini magana ta rasu da daɗewa. Na yi tunanin aika yayata, na fasa, don ta iya ƙara gishiri, kuma maganar aike ba za ta shiga kunnen yarinyar nan ba. Na tuntuɓi babansu, ya ce a bar wa Allah, ya mayar da kai kan fatarsa, shi ma kunyar ce ke ɗawainiya da shi. Auta kuma ya fara cewa ƙarar motar ba za ta wuce ranar Juma'a ba, don 'yar'uwarsa ta ce za ta hau kar, babbar motar haya, in ya ci gaba da yi mata wasa da hankali.

Ina murza ƙuli abin ya faɗo mini. Al'adar da ta ɗaure mini baki a gaban 'yata, ita ce ta kwance mini shi a gaban jikana. Jika namiji ai mijin kakarsa ne. Ta zage shi, ta yi masa gori, ta kai masa ƙara, ta faɗa masa abin da ba za ta faɗa wa kowa ba, babu mai cewa ta yi rashin kunya. In kuma wani na zaune kusa ya ji, wannan ruwansa.

Ranar Alhamis na kori kowa zuwa Kasuwar Dole, har da waɗanda ba su da abin saye. Na shimfiɗa tabarma a inuwa daura da ƙofar ɗakinta, na ajiye kwanon tunkuza, wato gyaɗar da aka matse mai aka bari don ƙuli. Tana zaune a bakin ƙofa tana ninke kayan yaron, alamar shiri, shi kuma yana tsakanin ƙafafunta. Na ce yau ko ni ko kunya. Na fara da tsokana. Na ce masa mijin banza, ya zo gari ko kuɗin cefane bai bayar ba, ga rowa, ga raki, in bai yi hankali ba zan kai shi gaban alƙali. Ya tsaya yana kallon bakina.

"Maigida, tunda ka ƙi ni, bari in ba ka labarin wata mata, ko ka ji tausayi. Matar nan ba ta gaji ƙuli ba, a gidansu babu mai yi. Aka yaye 'yarta aka kai ƙauye. Ta dawo Birni nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya kama ta, kuma ba ta da bakin cewa a kai ta ta ga yarinya, za a ce ba ta da kunya. Sai ta ce wa mijinta za ta fara sana'ar man gyaɗa, kuma gyaɗar Tirmini kaɗai ke da mai."

Hannun mai ninke kaya ya tsaya. Ban dube ta ba, na ci gaba da murza ƙuli ina jerawa a faifai. Na gaya wa yaron cewa gyaɗa ga ta nan jibge a kasuwar gari, ta Gouna da ta Dakusa, duk mai ɗaya ne, kuma matan unguwa sun yi ta yi wa matar dariya suna cewa wautar ƙauye ba ta sake ta ba. Na ce masa duk ranar kasuwar Tirmini sai ta hau motar 'yan kasuwa, a kan buhu, da rani da damina, har da tsohon cikin ƙanen yarinyar. In ta isa ta gai da uwarta, ta tambayi lafiyar awaki, ta tambayi gero, ba ta tambayi yarinya ba. Ta kwance alkaki daga bakin zane ta ce na 'ya'yan maƙwabta ne. Yarinyar ta zo ta ce sannu da zuwa Yaya, ita kuma ta ce yauwa tana kallon rumbu.

Na ɗebo wata tunkuza na ci gaba da murzawa. Can sai na ji 'yar Tirmini ta yi gyaran murya. Ba da ni ta yi magana ba. Ta sunkuya kan yaron, da Hausa zalla.

"Tambaye ta, matar nan ta taɓa ɗaukar yarinyar?"

"Faɗa mata tsohuwar ƙauyen nan ba wawuya ba ce. Da azahar, in yarinya ta yi barci, sai ta tuna tana da magana da maƙwabta, ta fita ta ja ƙyaure. Matar ta ɗauki 'yarta ta goya, ta yi ta zagaya bayan rumbu inda babu mai ganinta, in ta ji za ta farka ta kwantar da ita. Haka ta yi ta yi har ƙafafun yarinyar suka fara dukan gwiwarta."

Yaron ya ce wani abu da yarensu na jarirai, ya buga hannu a ƙasa. Na ce masa ya dakata, ban gama ba.

"Ka kuma faɗa mata ranar yaye an yi kuka. Ba yarinyar ce ta yi ba. Ita tun ranar da ta faɗo duniya hannun tsohuwa ta fara sani, ba wurin baƙuwa aka bar ta ba. Wadda ta yi kukan a mota ta yi shi, ta rufe fuska da mayafi, ta ce wa mutane haƙori ke mata ciwo."

Daga nan ban ƙara ba, iyakar abin da nake da shi ke nan. Na ji tana jan hanci. Sai kuma ta ce wa yaron, tun tana ƙarama in ta ji ƙamshin suyar gyaɗa barci ke kama ta, har a can Faransa in ta wuce inda ake soyawa sai ta yi hamma, mijinta yana mata dariya, ba ta taɓa sanin dalili ba. Tana faɗa dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba, hanci na zuba, babu kyan gani. Ni ma na ji bakina ya motsa.

Yaron ya ɗaga kai ya dubi fuskarta, ya daɗe yana duba. Ya juyo ya dube ni. Sannan ya kama hanya da rarrafe, ya ƙetare tabarma, ya cusa hannu cikin tunkuzata har wuyan hannu. Da wani jikan ne da ya sha ranƙwashi. Ya dafa gwiwata ya miƙe yana tangaɗi, ya shafa mini tunkuza a zane. Hannuwana na ƙaiƙayi amma ban taɓa shi ba, tunda an ce doka ce, na ce yau zan ga ƙarshen dokar. Ya dubi uwarsa sau ɗaya, ya ɗaga mini hannu biyu.

Ita ta tashi ta shiga ɗakina, inda ba ta shiga ba tun zuwanta, ta fito da zanen goyon da majanyin.

"Sunkuya, Yaya."

Na sunkuya. Ta ɗora mini shi da hannunta, na ɗaure. Ya yi ɗan ƙunƙuni, ya juya kai yana nemanta, ta tsaya inda zai gan ta tana masa magana. Na fara zagaya tsakar gida a hankali. Kafin in kai bakin rijiyar da ta ƙafe na ji kansa ya sauka tsakanin kafaɗuna, da nauyi, da ɗumi. Ita kuwa ta koma ɗaki ta kwanta a kan kayan da take ninkewa, ba ta farka ba sai da aka kira la'asar. 'Yan kasuwa suka dawo suka tarar da ni ina suyar ƙuli da goyo, matar ɗana ta buɗe baki za ta yi guɗa, na harare ta.

Washegari motar auta ta warke, amma babu wanda ya neme ta. A nan suka ƙarasa hutunsu. Kada a ce mun daina saɓani, ba mu daina ba. Ta hana a ba shi ruwan randa, na ce uwarsa ma shi ta sha. Na ce a yi masa aski, ta ce a'a. Har yau ban yarda babba ya durƙusa yana neman izinin jariri kafin ya shiga ɗaki ba, ita kuma har yau ba ta yarda a yaye yaro a kai shi wani gari ba, ta faɗa wa matar ɗana yadda zan ji. Amma ta koyi ɗaurin majanyi, ta ce za ta riƙa goya shi tana girki, kuma ta ce akwai wata tsohuwa 'yar Mali a benensu da za ta fara kai mata shi su saba. Ni kuma in baƙuwa ta shigo ta miƙa masa hannu, ni ke cewa ta zauna tukuna ta gaisa da uwarsa, zai zo da kansa. Bai yarda da duk unguwa ba. Ya zaɓi nasa mutanen, maƙwabciyata ma har suka tafi bai kula ta ba, tana nan tana jin haushi.

Ranar tafiya ta dace da kasuwar Tirmini, kuma hanyar Yamai ta nan ta bi. Na ce zan bi su in sauka a can, gyaɗata ta ƙare. Matar ɗana ta dubi buhunan da ke jingine a zaure, ta kau da kai, yarinyar kirki. Muka fita da hantsi. Yaron na cinyata tun daga Birni, yana wasa da carbina, uwarsa na gefena, kafaɗarta na taɓa tawa duk lokacin da mota ta faɗa rami.

Auta ya tsaya a bakin kasuwa. Na miƙa mata yaron, na gyara mayafi, na sauka. Na leƙa ta taga na ce wa yaron, maigida, ga amanar 'yar mutane nan, ka riƙa barinta tana barci. Sai ya gane ba tare za mu tafi ba. Ya miƙo hannu biyu ta tagar, ya bankare, ya tsala irin ihun nan nasa na ranar farko, har masu kaya a ka suka waiwayo. Uwarsa ta riƙe shi, tana kallona.

"Yaya, kin ji? Wannan kukan naki ne."

Na ce Allah ya kiyaye hanya, ina kallon gefe. Na buga wa auta mota na ce ya ja, rana na yi. Na juya na kutsa cikin kasuwa ban waiwaya ba, ina jin kukan har ya ɓace cikin hayaniyar mutane.

Na tarar da tsohuwar da nake sayen gyaɗa a wurinta tun muna da ƙarfinmu. Ta san ni, ta san ban taɓa sayen ko tiya ɗaya ba sai mun yi kamar za mu daku. Ta faɗi kuɗi, ta gyara zama tana jiran faɗa. Na ce ta auna. Ta riƙe kwano ta tsaya tana leƙen fuskata ta ƙarƙashin mayafi, ta tambaye ni ko lafiya.

Na ce mata haƙori ne.